Yadda ake haɗa gasar rubuta wasan ban dariya nan take, jama'a su yi zaɓe

Karo na farko da munka haɗa irin wagga gasa a nan Tawa, cikin filin wata lakkwal, da tafi da ihu munka yi zaɓe, wai wanda anka fi yi ma tafi shi ya ci. Ashe wani yaro ya kwaso ƴan fadarsu kaf, da usur da tsohon galan da suke bugawa, wasanshi ko murmushi bai sa mutane ba amma da anka kira sunanshi sai da kunnena ya yi tsiwa, ita kuwa yarinyar da ta rubuta abin da ya sa wani dattijo ya zame daga benci saboda dariya ta tashi da ta huɗu. Daren nan ban yi barci ba. Tun daga nan na gane matsalar wagga gasa guda ce: marubuta ke takara, amma jama'a fuska suke zaɓa, ko fuskar abokinsu ko ta ɗan wasan da suke so. Duk abin da zan faɗa a ƙasa dabara ce ta yadda ƙuri'a za ta faɗa bisa rubutu.

Abu na farko, wuri da lokaci da takarda. Ku yi ta da sanyi, Disamba ko Janairu, don a Afrilu da Mayu babu mai rubuta abin dariya cikin zafin Tawa, da damina kuma fili ne a buɗe, hadari guda ya isa ya watsa taron. In kuna da hali ku nemi gidan matasa da al'adu, wato MJC Albarka Tchibaou, ƴan Yamai su ga cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda (CCOG) ko MJC Djado Sékou, in babu hali filin lakkwal ya wadatar muddin yana da ƙofa guda da za a iya tsarewa da aji biyu da za a ba ku aro. Ƙofa guda ɗin nan kar ku raina ta, da ita ake tsare ƙuri'a. Ku kai takardar neman izini meri da komisariya da wuri, ba ana gobe ba, sannan ku je da ƙafarku wurin mai unguwa ku durƙusa ku ce ranka shi daɗe ga abin da yara ke son yi, muna son albarkarka. Shi zai tare maku duk wani ƙorafi na maƙwabta kan ƙarar sono. Gurup da esansi ku tanada tun da rana ko da kuran na nan, ku gwada shi ya tashi a gabanku.

Na biyu, marubuta. Shida sun isa. Na san za ku ce kaɗan ne, to ku yi lissafi: wasa shida, kowane minti 5, da minti 2 na sauya kaya tsakani, minti 40 ke nan, kafin a sa buɗe taro da zaɓe da ƙidaya. Wanda ya sa goma sha biyu zai ga mata sun fara ɗaukar yara suna fita tun ba a kai rabi ba, kuma su ne rabin masu ƙuri'arka. In masu so sun yi yawa ku tace su mako guda kafin ranar, kowa ya kawo shafi guda ku zaɓi shida. Ku buɗe ƙofa ga mai boko da mai ajami, har wanda bai iya rubutu ba amma bakinshi na da gishiri ku ba shi wanda zai rubuta mashi, sharaɗi dai mai rubutawa ba ya ƙara ko wasali. Kuma kar kowa ya damu da ƙa'idar rubutu, galibinmu da Faransanci munka yi karatu, za ku ga an rubuta ci da tch, kuɗi ya koma koudi, ba komai, ba gasar dikte ba ce.

Na uku kuma nan ne gasar ke gyaruwa ko ta lalace, wato ƴan wasa. Kar marubuci ya zo da nashi ƴan wasa, kar kuma ya hau dandali da kanshi. Ku masu shiryawa ku nemo mutum tara, ku raba su rukuni uku, kowane rukuni mutum uku kuma a samu mace aƙalla guda a ciki. Kowane gari yana da wasu biyu ko uku da ko tari sunka yi mutane dariya suke, to waɗannan ku warwatsa su, guda a kowane rukuni, kar su taru wuri ɗaya. Kowane rukuni zai ɗauki wasa biyu, kuma ba zaɓa za su yi ba, takarda za su jawo daga cikin hula. Saboda haka tun farko marubuta su sani mutum uku ne iyaka cikin wasa, wuri guda, kayan wasa kuma abin da ke nan kawai: tabarma, benci, buta, akwati, tsohuwar waya, rawani, zane. Wanda ya rubuta a shigo da jaki shi ya sani.

Sai wata magana da dole ku zaunar da ƴan wasa ku yi masu ita da shayi tun kwana biyu kafin ranar. Mu wasanmu na gado, tun na samariya lokacin Seyni Kountché, ba haddar takarda ba ne, ana ba ɗan wasa ƙashin labari shi ya sa nama da bakinshi, kuma a nan gwanintarmu take. Amma a wagga gasa in ɗan wasa ya zuba nashi barkwanci to shi anka zaɓa ba marubuci ba. Don haka dokar ita ce: motsi naka ne, harara taka ce, tafiya da faɗuwa da kwaikwayon murya duk naka ne, amma magana ta mai takarda ce. An yarda su riƙe takarda a hannu suna kallo, babu mai haddace shafi huɗu cikin rabin awa. Za su yi gunaguni, wani ma zai ce an ɗaure mashi baki, ku lallashe shi, ku ware kyautar gwanin ɗan wasa daban don ranshi ya yi sanyi.

Na huɗu, jigo. Tun saura mako ku ajiye kwali a fadoji da bakin lise da wurin masu ɗinki, kowa ya rubuta abin da yake son a yi wasa a kai ya jefa. Ku tace, ku zubar da na banza, ku bar kamar ashirin. Abin da ke ci shi ne abin da kowa ya sani a gidansu: ɗan bida da ya dawo daga Abijan ko Libiya, ranar biyan adashe, bashin mai shago, ɗan kabu-kabu da fasinja mai ciniki, baƙon da ya zo kwana uku ya share wata. Ranar gasa bayan la'asar, wajen ƙarfe 4 da rabi, a gaban duk wanda ke wurin, ku kira ƙaramin yaro ya jawo jigo guda, kowa a kanshi zai rubuta. Bayan shi a jawo kalmomi uku daga wata hula daban waɗanda dole su fito cikin kowane wasa. Kalmomin nan su ne maganin mai wayo da ya haddace wasanshi tun daga gida yana jiran ya sauya mashi riga kawai. A ɗauki jawowar a waya a saka Facebook nan take don kar wani ya ce an tsegunta ma wani.

Daga nan sai aji. A karɓe wayoyi duka a sa cikin leda da suna, a ba kowa kaye sabo da bik biyu da ruwa, mai tsaro guda ya zauna bakin ƙofa da agogo, awa guda cif, yana faɗin saura rabi, saura minti 10. Shafin kaye da rubutun hannu yakan ci kamar minti guda a baki, to shafi huɗu zuwa biyat ke nan, ku gaya masu kar su wuce. Siffar rubutun mai sauƙi ce, suna a gefe, magana a gaba, abin da za a yi a ƙarƙashi. Ga irin abin da nike nufi, a ce jigo ɗan bida ne, kalmomi kuma suruka da caja da albasa. Ɗan bida ya durƙusa, kai a ƙasa, ƙaton akwati a gabanshi, suruka ta ɗaga akwatin da yatsa biyu.

Suruka: Ɗana, wanga akwati ko azumi yake?
Ɗan bida: Inna kayan zamani ne, ba su da nauyi.
Ta buɗe, ta jawo caja guda ɗaya tilo.
Suruka: To ina wayar?
Ɗan bida: Ita zan koma in ɗauko baɗi in Allah ya kai mu.
Suruka: Hawayen na mene ne kuma?
Ɗan bida: Albasa ce Inna.
Suruka: Ai ba mu yanka ba, ta yi tsada.
Ɗan bida: Tunaninta nike.

Kun ga layi tara ne amma an san wa ke son me, an san wa ke ɓoye me, kalmomin uku sun shiga ba tare da an tura su da ƙarfi ba. Marubutan da ke faɗuwa su ne masu ɓata minti biyu kan gaisuwa, ina kwana ina gajiya ina gida ina yara, a gida ladabi ne amma a wasan minti 5 asara ce, sai in gaisuwar ita ce abin dariyar.

Lokaci na cika a karɓe kaye. Babu suna a kai. Kowane marubuci ya jawo launi daga hula, ja, fari, baƙi, kore, shuɗi, ɗorawa, daga yanzu wasanshi sunanshi ke nan, kuma mutum guda tak cikinku ke riƙe takardar da ta nuna wane ne mai wane launi, cikin ambulan a liƙe. A ruga fotokopi a yi huɗu-huɗu, uku na ƴan wasa guda na juri, wato alƙalan gasa, ku yi magana da mai fotokopin tun jiya kar ku tarar ya rufe ya tafi masallaci.

Kafin takarda ta kai hannun ƴan wasa juri su karanta ta da sauri, mutum uku sun isa, a samu mace, a samu mai ɗan shekaru. Ba maki za su ba da ba a nan, iyaka suke dubawa, iyakar da kunka riga kunka karanta ma marubuta kunka sa sunka sa hannu: ba taɓa addini, ba batsa, ba kama sunan mutumin da ke raye a gari ko siffanta shi yadda kowa zai gane, ba dariyar makaho ko gurgu ko mai taɓin hankali, siyasa kuma ku bar ta can inda take. Maganar ƙabila ita ce mai santsi. Muna da wasan taubasai, Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Ba'are, Bafillace da Babarbare, abin da har UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014, kuma ba abin da ke tada dariya a taro kamar shi. Amma yana da ƙa'ida, tsakanin waɗanda ke da wasan ake yin shi, kuma wanda anka tsokana sai an ba shi baki ya rama cikin wasan. In gefe guda ke sara ɗayan na shiru, wannan zagi ne da rigar wasa, a kira marubuci ya gyara layin cikin minti 5 ko a soke shi.

Gwaji daga nan har isha, da hutun magariba a tsakani, kowane wasa kamar minti 25. Marubuci ya shiga ya karanta masu da bakinshi sau biyu, musamman in ajami ne ko hannun likita gare shi, ya amsa tambaya, sannan ya fita. Wayoyin ƴan wasa su ma suna cikin leda, don saƙo guda na "ku zaɓi kore" ya isa ya rushe duk wahalar da kunka sha.

Yanzu ƙofa da tike. Kuɗin shiga ku sa abin da yaro zai iya, dala arba'in ko dala ɗari, kar ku yi kyauta gaba ɗaya don wanda bai biya ba shi ke fita ya dawo sau uku. Kowane tike yana da lamba da hatiminku, kuma yana da ƴan guntaye biyu da ake yagewa, dukansu da lambar tiken. Guntayen nan su ne ƙuri'a. Wanda ya shiga a sa mashi tawada a yatsa kamar ranar zaɓe. Kuma da zarar wasa na farko ya fara, mai zuwa daga baya ya shiga ya yi kallo amma a yage guntayen a riƙe, wanda bai ga shida ba ba ya auna shida. Nan za ku sha faɗa, wata Hajiya ta taɓa tsare ni ta ce kai yaro ni za ka hana zaɓe da kuɗina, na ce Hajiya ki yi haƙuri doka ce ko uwata ce haka zan yi, ta ce ai da uwarka ce da ta zo da wuri, ta wuce ta zauna. Ku sa mai sanyin baki a ƙofa.

Me ya sa ƙuri'a biyu? Saboda komai ɓoyonku wani zai ji ƙishin-ƙishin, kuma ɗan Adam ba ya ƙin nashi. Ta farko ta tafi wurin aboki, ba komai, ta biyu dole ta tafi wani wuri, kuma ita ce ke faɗin gaskiya. Dokar: ba a jefa biyun cikin bokiti guda, in an tarar da lamba ɗaya sau biyu a bokiti ɗaya guda ake ƙirgawa. Mai gabatarwa ya faɗi wannan sau uku a daren, da Hausa, da Zabarmanci ko Tamajeq in akwai masu ji.

Kar wasan gasa ya buɗe dare, mutane na zuwa da sanyin jiki, ana neman wurin zama ana gaisawa, duk wanda ya fara ya ci zalunci. Ku sa wani abu da ba ya cikin takara ya ɗumama fili minti 10, mai kwaikwayon ƴan kama ko makaɗi ko yara masu irin wasan tashe. Jerin fitowa shi ma da hula za a jawo a gaban jama'a, a lura dai kar rukuni guda ya fito sau biyu a jere. Mai gabatarwa ya faɗi jigo da kalmomin uku, ya ce duk sanda kunka ji ɗaya ku ɗaga hannu, wannan na sa mutane su kasa kunne ga magana ba ga rawar kafaɗa kawai ba. Kuma a ja mashi kunne, ba ya yabon wasa, ba ya cewa wanga kam ya kashe mu, launi zai faɗa ya sauka. Mai agogo na gaba da ƙararrawa, minti 4 ya ɗaga hannu, minti 5 ya kaɗa, da ɗan alfarmar sakan 30. Ɗaya daga juri na bin takarda da yatsa, in ɗan wasa ya fara zuba nashi sai ya ɗaga jan kati, in ya sake ya fita daga takarar gwanin ɗan wasa. Hukuncin kan ɗan wasa yake, marubuci ba ruwanshi.

Wasa na ƙarshe kullum shi ke daram a kai, na farko an manta shi. Don haka kafin zaɓe kowane wasa ya dawo na sakan kaɗan, ƴan wasa su tsaya yadda za a tuna su, wani ya ɗaga kwalin launin, a maimaita layi guda, kuma a fara daga na shida a dawo na ɗaya. Sai a fito da bokiti shida masu murfi da ƴar tsaga a sama, kowane an naɗe shi da ƙyallen launinshi, a kife su a gaban mutane a ga babu komai, a liƙe murfin da salatif. Wanda bai yi lakkwal ba launi ya ishe shi, kar wani ya ga abin kamar wasan yara, a Gambiya shugaban ƙasa ma da ɗan dutsen gilashi ake zaɓenshi, a jefa cikin ganga mai launin ɗan takara. Ku jera bokitan bayan labule ko bayan allo, mata layi guda maza layi guda, ana shiga ɗaya-ɗaya, tsofaffi da masu goyo a gaba.

Ƙidaya a kan dandali, ƙarƙashin fitila, ba a cikin aji ba. Ku kira mutum shida daga cikin ƴan kallo su tsaya shaida, kowane bokiti a zazzage shi bisa tebur, a jera lambobi a fidda masu maimaici, a ƙirga da ƙarfi, a rubuta da alli a allo. A kuma faɗi yawan tiken da ke da ƙuri'a, in tike 200 ne jimla ba za ta haura 400 ba, ta iya kasawa amma ba ta haurawa, in ta haura ku tsaya ku bincika kafin ku buɗe baki. Makaɗi ya ci gaba da aikinshi a hankali don abin na ɗaukar kwata ko fi.

Wasu na haɗa makin juri da ƙuri'ar jama'a, kashi kaza nan kashi kaza can. Ni ban so. Da zarar an ce an shiga lissafi mutane sun ce an yi magudi, ko da ba a yi ba. Ku bar jama'a su fidda na ɗaya da na biyu da na uku, juri su ba da tasu kyauta daban ga rubutun da ya fi tsari, in an yi kunnen doki ne kawai su raba gardama. Haka ma masu kallo ta waya, ƴan uwanmu na Abijan da Agadas za su ce su ma a ba su dama, ku buɗe masu zaɓen WhatsApp tunda yana ɗaukar har zaɓi 12, amma sakamakonsu ya tsaya a kyautar ƴan bida, kar ya shiga bokiti, don mutum guda na da pis uku da wayar matarshi.

Sai an gama rubuta lambobi a allo sannan a kawo ambulan a yage a gaban kowa, a fara daga na shida, a kira kowane marubuci ya hau a ga fuskarshi a tafa mashi. Kyauta kuwa abin da kunka yi shela shi za ku ba da, a daren, hannu da hannu, in jikka ashirin kunka ce to jikka ashirin, in mai tallafi bai cika alkawari ba tun da rana ku cike daga aljihunku ku bi shi daga baya. Na ƙarshe ma kar ya sauka hannu wofi, ko kaye da bik da kuɗin kabu-kabu. Tun kafin a shiga aji ku sa cikin takardar da sunka sa ma hannu cewa wasa na mai shi ne, ku kuna da izinin saka bidiyon daren a Facebook da TikTok da sunanshi a kai, wanda kuma ke son ya yi rajistar rubutunshi ku nuna mashi hanyar BNDA, ofishin kare haƙƙin marubuta da mawaƙa na Nijar. Guntayen ƙuri'a a ƙulle su cikin leda shida da launinsu, hoton allo a waya, a ajiye mako guda wurin wanda ya riƙe ambulan, duk mai ƙorafi ya zo da shaidu biyu a sake ƙirgawa a gabanshi. Da safe kafin ƙarfe 7 a maida benci cikin aji, a share fili, a goge allo, a sallami mai gadi da na goro.